Motar da ba ta da wurin Hajja

Mijina makanike ne a unguwar Sharafiyya cikin Jidda, kuma tun kafin ya fara sona yake son wata tsohuwar mota ta kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Ja ce, doguwar hanci, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Idan ya zo zance gidanmu a Madain Fahd, rabin hirar tata ce. A Italiya aka ƙera ta tun iyayenmu suna yara. Da guduma aka bubbuga jikinta, da hannu, shi ya sa ƙofar dama ba ta yi daidai da ta hagu ba, wai wannan ne darajarta. Sitiyarin katako ne. Don tsere aka yi ta, 'yan kaɗan suka rage a duniya. Ba ta da na'urar sanyi, a Jidda! Ni dai na ce ko motar mai kayan miya ta fi ta hankali.

Da bikinmu ya zo, sai ya roƙi kafili ya ara masa ita don ɗaukar amarya. Har da rawar jiki ya kawo albishir.

Kujerarta biyu. Mu kuwa ba a kai amarya ita kaɗai. Hajja, kakata, ita ta raine ni, kuma tun ina ƙarama take cewa ita za ta riƙe hannuna ta shigar da ni ɗakina da ƙafar dama. Ba ni da wani buri a bikin nan da ya wuce wannan.

Ranar ɗaukar amarya ta fito da sandarta, riƙe da hannuna, ta zagaya motar, ta leƙa ciki.

"Ya waladi, ɗana, ni ina zan zauna?" ta tambayi ango.

"Hajja, ga bas nan, ku biyo mu. Yalla, tare za mu isa."

"Halas, shi ke nan," ta ce, ta saki hannuna.

Aka naɗe ni da lafaya aka cusa ni ciki, gwiwa a haɓa, zafin inji yana gasa mini ƙafa. Ango da kansa ya ja, wai ba ya yarda kowa ya taɓa ta. Motar tsere kuwa ba ta san jira ba, in an tafi a hankali sai ta ɗau zafi. Muka bar bas tun a kwanar farko. Da muka isa sabon gidanmu a Bagdadiyya ya ce ba zai bar ta a titi ba, yara za su karce ta. Ya buɗe mini ƙofar gida, ya koma wurin abarsa. Haushi ya hana ni ko kuka.

Hajja ta hawo bene da kyar, tana haki, hannunta a miƙe. Ta same ni zaune a bakin gado. Ta sauke hannun.

"Ashe kin shigo," ta ce.

Har yau hoton motar yana bangon falonmu. Na Hajja ni na rataye a ɗakina, bayan rasuwarta.