Direban da Ya Ja Inuwa Zuwa Cak Cak

Tun kafin masu gurasa su hura tanda, Aga Nosrat ya tayar da ƙaramar bas ɗinsa a ƙofar masauki, yana danna ham kamar an biyo shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kwasar baƙi daga birnin Yazd: ganuwar Meybod da hantsi, wurin ibadar Cak Cak da rana, kangayen Haranak da yamma, a dawo gari kafin magariba. Kangayen sun shekara dubu suna jira ba su ƙosa ba, shi minti biyar gagararsa yake yi. A tsaye yake shan shayi. Matarsa Batul ta ce rabonta da ganinsa zaune tun ranar ɗaurin aure, ranar ma ƙafa na rawa.

"Malam, bango ne, gobe ma yana nan!" Haka yake kora masu ɗaukar hoto cikin mota.

Makon nan likita ya ce yanar ido ta raba shi da sitiyari. Manyan gari ba za su shirya masa walima ba. Ba su san ya fara ba, balle su ji ya daina. Amma waɗanda ya ɗauka wata rana bara, a tsakiyar zafi, sun sani.

A cikinsu akwai Morvarid Hanum, tsohuwa mabiyiyar addinin Zartusht, wadda ta dawo gida bayan shekara arba'in a ƙetare. Al'adarsu, da an hango wurin ibadar Cak Cak a jikin dutse, sai a sauka a ƙarasa da ƙafa.

"Tsaya, ɗan nan, na hango," in ji ta.

"Inna, ranar nan ƙwai take soyawa. Bari in kai ki ƙofa, ba mai ji."

"Wa zan ɓoye wa? Alwashi na ɗauka. In na faɗi ka ɗauki gawata, ai da sauran kujera."

"Gawa ba ta cikin tsarin tafiyar yau, Inna."

Ta sauka abinta. Fili fetal, ko ƙaya babu. Nosrat ya dubi agogo, ya dubi tsohuwa, ya yi tsaki. Sai ya kewayo da bas ya shiga tsakaninta da rana, ya sa giya ta ɗaya. Inuwar mota ta lulluɓe ta. Ta taka, ya gangara.

Wani fasinja ya ce, "Aga, Haranak fa? Dare zai yi mana!"

"Kango ne, gobe ma yana nan. Ita fa?"

Awa biyu suna jan jiki, inji na tafasa. Ladansa daga bakin tsohuwa: "Matso, kafaɗata na rana. Tuƙin ma ba ka iya ba." Da ta dafa matakalar farko da ranta, ya shimfiɗa darduma gefen taya ya yi la'asar.

Kai ne, Aga Nosrat, guguwar hanyar Meybod, wanda ba a taɓa wuce shi ba sai ranar da tsohuwa ta riga shi isa. Mun gode. Allah ya ba Batul haƙurin sintirin da za ka addabe ta da shi a tsakar gida.

Ku kuma samarin direbobi, gudu kowa ya iya. Ku riƙa duba inda inuwarku take faɗawa.