Hancin Amadeu a Tukunyar Ɗoɗɗoya

Wai Amadeu ya dawo daga Faransa da rarrafe, ya hau tudun Alfama, tsohuwar unguwarsu a Lisbon, yana kukan da sai da ya wanke fentin gidaje. Ƙarya ce, ni da nake ɗan kawunsa na gani. Da ƙafarsa ya hau, sai dai haki kamar tsohon tarago, kuma fentin yana nan daram.

Birkila ne. Tun yana saurayi ya bar Lisbon, ya ƙare ƙarfinsa a ginin gidajen Faransawa har furfura ta cinye kansa. Uwarsa Rosa ta mutu bai zo ba. Bana ya zo lokacin bikin waliyyi Santo António da buri ɗaya tak: a samu wanda zai gane shi a lungunsu.

Ya tarar da unguwa ta yi kwalliya kamar amarya, wannan gida rawaya, wancan ruwan hoda, hayaƙin gasasshen kifi ko'ina. Gidan uwarsa ya zama masaukin baƙi 'yan yawon buɗe ido. A tagar da take shanya, wani jan ƙato ne ke ɗaukar hoton kogi. Amadeu ya gaishe shi, ƙaton ya ɗauke shi hoto shi ma.

A gindin matakala ya ga Dona Graciete, tsohuwar da ta sha murɗe masa kunne yana yaro, tana sayar da ɗoɗɗoyar biki a ƙananan tukwane, irin wadda Rosa ke ajiyewa a taga duk shekara. Ko jariri a Alfama ya san ba a kai mata hanci, bushewa take yi. Shafa ta ake da tafin hannu, a shinshina hannun. Gogan naku, don zumuɗi, ya dulmiya hancinsa har kunne.

"Kai, kai! Cire min wannan hancin!" in ji tsohuwa. "Baƙin nan sai sun kashe mu!"

"Dona Graciete, ni ne fa. Amadeu, ɗan Rosa."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan Rosa ba zai sa wa ɗoɗɗoya hanci ba. Wancan ko jana'izarta bai zo ba. Matsa, malam, kana tare min masu saye."

Ya sayi tukunyar, ya rasa tagar da zai ɗora ta. Na same shi zaune a matakala, ya rungume ta kamar jinjiri.

"Ranka ya daɗe, baƙonmu," na ce, "yaya ka ga garin namu? A kira maka mai zagayawa da baƙi ya nuna maka inda aka haife ka?"

Bai ko ɗago ba, ya ce:

"Garinku? Kai da tsadar haya ta sa kake kwana a tsallaken kogi, kana shigowa da safe ka wanke musu zanen gado? Ni da ƙafata na fita. Kai da tsintsiya aka share ka."