Hoton Rubutun Inna

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazarar shekarar da nake ajin sankiyem, aji na biyu na koleji, a Dakoro, malaminmu na zane, Mushe Ilya, kamar yadda ake kiran malamai maza da Faransanci, ya shigo aji da wata ƴar jaka baƙa rataye a wuya. Ajin namu rumfar kara ce, rana na ratsowa ta rufin tana yi mana zane a kan tebura, kowa na fifita da kaye, wato littafin rubutu. Ya zuge jakar ya zaro na'urar ɗaukar hoto, ƴar ƙarama mai ruwan azurfa, ya ce wani furoje ne na masu ba da tallafi ya ara wa kolejinmu. Ya jawo kayen yaron da ke gaba, ya danna wani maɓalli mai alamar fure, ya matsa da na'urar har kamar zai shinshini takardar. Da ya juyo mana da ɗan gilashin bayanta, sai muka ga harafi guda ya cika wurin, sawun bik, wato biro, ya kwanta cikin takarda kamar sawun garma a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Aji ya kaure da ihu. Ya ce aikinmu na ƙarshen shekara ke nan: kowa ya nemo rubutun hannun wani, ya ɗauko shi kusa-kusa, za a wanke waɗanda suka fi kyau a rataye su ranar bikin lakwal, makarantar tamu. Ni ce na fara ɗaga hannu. Har yau in na tuna irin murnar da na yi a ranar, sai raina ya ɓaci.

Gidanmu yana bakin gari ne, wajen hanyar da ke tafiya Kornaka. Ɗakuna biyu na ƙasa, rumbu ɗaya, turken jajayen awaki, sai bishiyar bedin da Baba ya dasa a tsakar gida. Da rani Baba yakan tafi Najeriya neman abin rufin asiri, sai gab da shuka yake dawowa, saboda haka gidan a hannun Inna yake. Kafin in tafi lakwal sai na tura bido biyu, wato jarkokin ruwa, daga famfo, na share turke, na zuba wa awaki harawa. In na dawo akwai sussuka, akwai surfe, akwai ƙanena da zan goya in Inna ta tafi itace. Wasanmu na carabke da ƴar gala-gala sai an saci lokaci, a bayan rumbu, kunne na sauraron kiran Inna. Kiran kuwa ba da suna ba ne. Ni ce ɗiyar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar nan da gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," take cewa, ko "Ke wance." Ba ta yi mini wasa, ba ta yaba mini gaban mutane, in na zo na ɗaya a aji sai dai in ga an ƙara mini nono a fura. Haka muka saba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

A shekarar ne aka buɗe kurdadi a unguwarmu, wato makarantar yaƙi da jahilci ta manyan mata. Ana taruwa bayan la'asar a ƙarƙashin wata bishiya, kowace da ɗan allonta baƙi irin na ƴan lakwal da guntun alli. Ba wanda ya zaci Inna za ta shiga. Mace ce da ko gaisuwar biki in ta je ba ta daɗewa. Amma ta shiga, da goyo a bayanta, ta kuma riƙe abin hannu biyu. Gwaggo Tsahara, yayar Baba da ke maƙwabtaka da mu, takan leƙo ta kan darni ta ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi, ba a ce goyo ba." Inna kan ci gaba da aikinta. Sai ta gama tuwo, ta wanke hannu, ta zauna bayan ɗaki inda ba mai ganinta, ta ɗora allon a gwiwa. Hannun da ya saba da taɓarya da igiyar guga, alli ƙarami ne a gare shi. Tana dannawa yana karyewa. Ban taɓa ganin abin da take rubutawa ba, domin da ta ji motsina sai ta shafe da gefen zane.

Na'urar tana zagayawa ne, kowa yini guda. Ƴan ajinmu suka ɗauko awon da tela ke rubutawa a bangon shagonsa, da rubutun bayan manyan motocin da ke lodin wake, da ajamin kakanninsu. Ranar da ta zo hannuna, na ƙunshe ta a ɗankwali kamar ƙwai na kawo gida. Na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na ce ina son in ɗauki hoton rubutunta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tahi ki ba awaki ruwa." Na tafi ina haɗiye hawaye. Da na dawo ba ta wurin, ta shige madafa, amma ga allon nan an ɗora shi a kan kifaffen turmi. Na matsa na duba. Sunana ne. RAKIYA, da manyan haruffa, sun hau tudu sun gangaro. R ɗin ya juya baya, K ɗin ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, a wajen Y allin ya karye ta sake ɗorawa. A gefe akwai sawun yatsanta da garin hatsi. Na daɗe tsaye. Matar da ba ta taɓa furta sunan nan ba, ashe shi take ta fama da shi a bayan ɗaki. Na danna maɓallin furen, na riƙe numfashi kamar yadda aka koya mana, na ɗauka. Daga cikin madafa na ji ta ce, "In an tambaye ki, kar ki ce nawa ne."

Mushe Ilya ya daɗe yana kallon hoton. Ƙurar allin ta fito ɗaya-ɗaya kamar tsabar gero, har tsagar allon ana gani. Ya tambaye ni rubutun wane ne, na ce na wata ƴar kurdadi ce. Ya dube ni, ya dubi sunan, ya gane, sai ya ce, "Wanga shi za mu wanke babba." Aka kai hotunan Maradi. Aka ce kowa ya gayyato iyayensa. Na yi ta roƙon Inna, har na sa Gwaggo Tsahara ta sa baki, ita kuma ba ta san abin da ke cikin hoton ba, kallon biki kawai take so. Ranar Inna ta ciro zanen da take zuwa suna da shi, ta shafa kwalli. Ba ta taɓa taka ƙofar kolejin nan ba sai ranar.

An share fili, an kafa rumfuna, an jera kujeru don baƙi: mutanen furojen daga Maradi, da manyan gari. Hotunan suna rataye a jikin babban aji na siminti. Da muka iso na hango nawa a tsakiya, ya fi kowane girma, sai dai ba yadda na bar shi ba. An ɗauki jan alƙalami an kewaye R ɗin, an ja layi ƙarƙashin K, an rubuta sifiri a kusurwa kamar yadda ake yi wa jarrabawar yaro. A samansa an manna farar takarda da manyan haruffan Faransanci, ma'anarsu: ga abin da jahilci ke haifarwa. Sunana na mai ɗaukar hoto ma ba a sa ba. Direkte, shugaban kolejin, shi ne ya yi haka da hannunsa, da safiyar ranar, domin yana son ya nuna wa baƙi cewa lakwal ɗinsa na yaƙi da duhun kai. Inna ba ta iya karanta takardar ba. Ta ga rubutunta ya yi girma a bango, ta sunkuyar da kai, kuma na rantse na ga gefen bakinta ya motsa da murmushi. Wannan murmushin ne ba zan taɓa yafe wa mutumin nan ba.

Direkte ya zo da baƙinsa, cikin babbar riga mai sitaci, da sanda a hannu. Ya tsaya gaban hoton ya yi jawabi da Faransanci, yana ƙwanƙwasa haruffan ɗaya bayan ɗaya, baƙi na gyaɗa kai. Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya juyo ga iyaye ya mayar da Hausa, da murya mai ƙarfi. "Ku duba nan! Babban mutum ne ya yi wanga. Kaza ma in ta yi tono ta fi haka tsari. In ba ku sa ɗiyanku lakwal ba, haka za su ƙare." Aka yi dariya. Wani yaro ɗan unguwarmu, da ba shi da nufin komai, ya ɗaga murya ya ce, "Ai innar Rakiya ce, ga ta can!" Kawuna suka juyo. Gwaggo Tsahara ta riƙe haɓa ta ce, "Au, sunan ɗiyar fari kike rubutawa? Har a bango?" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gyara goyo, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita. Ba ta yi sauri ba. Direkte kuwa ya riga ya wuce hoto na gaba.

Ban san lokacin da na isa bangon ba. Na fizge hoton, ƙusa ta tsaga shi, na cire takardar Faransancin na yayyaga na watsa a ƙasa gaban baƙi. Na ce da shi wani abu, ban tuna kalmomin ba, na dai tuna da Hausa na faɗa, harshen da aka hana mu yi a harabar lakwal. Surbeya, mai kula da ladabin ɗalibai, ya kama ni ta wuyan riga ya ja ni bayan ofis. Aka sa ni durƙuso a kan tsakuwa har biki ya watse, sannan aka kore ni na ƴan kwanaki saboda rashin ladabi. Ni ce marar ladabi. Mutumin da ya kwatanta uwar wani da kaza gaban gari, shi aka tafa wa. Mushe Ilya ya same ni a nan durƙushe, ya kawo mini ruwa a leda. Ya ce ya ga abin tun da safe, amma shi ɗan kwantaragi ne, ba shi da bakin magana. Ban karɓi ruwan ba. Shi ne ya koya mana cewa in ka matsa kusa da rubutun mutum za ka ga mutumin, kuma shi ne ya tsaya da hannu a aljihu ana tozarta wadda aka gani. Haushinsa ya daɗe a raina kusan kamar na Direkte.

A gida na tarar Inna ta tuɓe zanen suna tana daka, kamar ba abin da ya faru. Na tsaya da tsagaggen hoton a hannu ina jiran faɗa, ko duka, ko kuka. Ta ce kawai, "Ɗauko taɓarya." Muka yi ta lugude har hatsin ya yi laushi fiye da yadda ake buƙata. Washegari da la'asar matan kurdadi suka biyo mata, ta ce kanta na ciwo. Rana ta biyu ta ce aiki ya yi yawa. Malamar kurdadin da kanta ta zo ta ba ta haƙuri, Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, ta raka ta har ƙofa, ba ta koma ba. Matan unguwa suka yi ta tsokanarta a bakin famfo har damina ta faɗi, hankali ya koma gona. Allon ya zama murfin tukunyar daddawa. Da Baba ya dawo ya ji labari, ya sa hula zai tafi kolejin, Inna ta hana shi. Ta ce, "Mutunci madara ne. Wanda ya zube ya isa."

Yanzu ina aiki a Maradi, ina zuwa gida lokaci-lokaci. An rushe rumfunan kara an gina azuzuwa, kuma kowane yaro a Dakoro na da salula da za ta ɗauki hoton da ya fi nawa kyau ba tare da ya riƙe numfashi ba. Direkte ya yi ritaya, yana zama a bakin kasuwa ana gaishe shi da girmamawa. Ina da tabbacin bai ma tuna ranar ba. Ni kan sauya hanya. Bara na raka Inna sabunta katin ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya miƙo takarda ya tambaya, sa hannu ko dangwale? Na ga idonta ya tsaya a kan bik ɗin da ke tebur, ya ɗan daɗe. Sannan ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada. A hanyar dawowa ta yi ta goge shi da gefen mayafi, ni kuma ina biye da ita. Saura kaɗan ta iya rubutu.