Ranar da Aka Kai Kakana Restoran

Ƙarar cokali a kan farantin tangaran ba ta damun kowa, ni kuwa in na ji ta sai raina ya ɓaci. Makon jiya aka tara mu malaman lakwal, wato makarantar boko, a Maradi don wani horo, da rana ta yi aka kwashe mu zuwa restoran. Abokan aikina suna ta murna, wannan tana ɗaukar hoton kaza da waya, waccan tana tambayar ko akwai bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Ni na tasa farantina gaba, ko taɓa abincin ban yi ba. Wata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Lafiyata lau. Wani tsohon haushi ne ya taso mini, kuma tunda ya taso, bari in gaya muku inda ya samo asali.

A Madarunfa na tashi, a gidan kakana na wajen uba, a ɓangaren garin da in damina ta yi kyau kana jin ƙarnin tabki har cikin ɗaki. Babana ya rasu ina ƙarama, don haka kakana ne ubana, shi ne kuma abokin wasana. Yana ce mini matarsa, ina ce masa tsoho mai rowa. Tsokana ce kawai, don zaurensa ba ya rabo da baƙi. 'Yan Gabi masu tafiya cin rani Najeriya a nan suke yada zango, masu zuwa ziyara bakin tabki ma haka. Duk wanda ya yi sallama, ruwa ne farko, sai fura a ƙwarya, sai tuwon gero da miyar kuka wadda kakata ke jefa wa busasshen kifi. Har yau ban ƙara cin miya mai wannan ƙamshi ba.

Akwai wata ƙa'ida a zauren nan da ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, amma kowa ya san ta. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Idan buƙatarsa babba ce, labarinta ya riga shi isowa, don haka abincin da aka ajiye masa shi ne amsa. In akushi ya fito daga cikin gida, tuwon da matar gida ta tuƙa da hannunta, to ya wanke hannu ya yi magana, ƙofa a buɗe take. In kuwa maigida ya aika kasuwa aka sayo masa tsire ko ƙosai, komai daɗinsa, an ce masa kada ya tambaya. Sai ya ci, ya yi godiya, a yi hirar ruwan sama, ya tashi da mutuncinsa. Ta haka babu wanda ya roƙa, babu kuma wanda ya hana.

Na ga an yi haka da idona. Wani mutumin Safo ya zo neman aron gonar kakana ta bakin fadama, gonar da aka riga aka yi wa wani alkawari. Kakana ya aika aka sayo tsire mai zafi a takarda. Mutumin ya dubi takardar, ya yi murmushi, ya ci, ya yaba yajin, ya hau amalankensa ya tafi. Wanda aka aika sayen tsiren nan ɗan ƙanen kakana ne, maraya da kakana ya riƙa tun yana rarrafe, ya sa shi lakwal. Lokacin yana saurayi, ya zo hutu daga makaranta. Daga baya ya samu aikin gwamnati a Maradi, ya gina gida, ya auri ma'aikaciyar likita. Mu yara muna ce masa Baban birni.

Shekarar da na ci brebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, aka tura ni lise, wato babbar sakandare, a Maradi. A lokacin babu lise a garinmu. Ungozoma nake so in zama, irin masu farar riga, kuma malamaina duk sun ce zan iya. Abu ɗaya ya rage: gidan da zan zauna. Namiji yana iya raɓawa a shagon wani ko ɗakin abokai, amma ba mai sakin 'ya mace a birni sai a hannun nasa. Namu kuwa a Maradi mutum ɗaya ne. In Baban birni ya karɓe ni, na yi karatu. In bai karɓe ni ba, shi ke nan.

Kakana ya aika masa ta bakin wani direba cewa muna tafe ranar kaza. Lokacin girbi ne, an fara yankan gero, zafin nan na ƙarshen damina yana dafa mutum tun da hantsi. Kakata ta ɗaure mana sabon gero, da wake, da busasshen kifi a kwando, da zabi biyu. Na sa atamfar sallata. A mota ina rungume da zabin, ina ƙirga a raina irin littattafan da zan saya, kakana yana tsokanata wai in na zama 'yar birni zan sake shi in auri mai kwat.

A bakin ƙofar gidan muka iske Baban birni yana jiranmu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida kakana, ya sa aka shiga da tsarabar. Ina leƙen tsakar gidan, ina ganin itacen lemo da igiyar shanya, ina cewa a raina nan zan riƙa wanki. Sai ya ce matarsa tana wurin aiki, sai la'asar za ta sauka. Ya buɗe ƙofar motarsa yana fara'a.

"Baba, yau inda manyan gari ke ci zan kai ka."

Na dubi kakana. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai ya daɗe yana gyara hularsa kafin ya shiga motar.

Wurin yana da sanyi, fanka tana juyawa a sama, talabijin yana ta surutu a kusurwa. Mutane cike, kowa da teburinsa, kowa yana ganin bakin kowa. Kakana, wanda ko a gidansa ba ya yarda suruki ya ga yana tauna, shi aka zaunar a kujera a tsakiyar baƙin fuska, aka jera masa cokali da wuƙa. Aka kawo kaza soyayya, da dankalin turawa, da salak, da lemo a kwalba yana raɓa. Ban taɓa ganin abinci mai kyau irin wannan ba, kuma tun kafin in taɓa shi na san abin da kakana ya karanta a cikinsa. Abincin saye ne.

Kakana ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ɓanɓari tsoka kaɗan ya kai baki. Ya yaba. Ya shiga ba da labarin gero, da yadda tabki ya cika bana har ya ci gonakin gefe.

"Baba, lahiya dai kunka taho?" in ji Baban birni.

"Lahiya lau. Zumunci ne."

"An ce ɗiyar tawa ta ci brebe. Barka."

"Alhamdu lillahi," in ji kakana, ya ɗauki kofin ruwa.

 Ba abin da nake ji sai cokulan mutane a kan faranti. Maganar tana nan a bakina, kalma kaɗan ce, amma yarinya ba ta tsoma baki in manya suna zaune. Na yi ta kallon Baban birni ina roƙonsa da ido, shi yana kallon kakana, kakana yana kallon fanka. Aka kwashe farantai. Baban birni ya ce mu koma gida mu huta har matarsa ta dawo, kakana ya ce a'a, akwai gero a gona, a kai mu tasha.

A hanya ban iya haƙuri ba. Na ce wa kakana bai tambaya ba.

"Ya amsa," ya ce.

"Bai ce komi ba, Kaka."

"Ni na koya mashi. Ya san abin da ya yi."

 Da aka buɗe makarantu ina gida ina surfe. 'Yan ajinmu suka tafi, suna dawowa hutu da jakunkuna da sabon faransanci a baki, ni ina kauce musu a hanyar rijiya. Bayan wasu shekaru na samu aikin koyarwa na kwantiragi da brebe ɗina, shi nake yi har yau. Ba na raina shi, yara suna sona, amma ba shi na so ba. Kakana bai sake taka gidan Baban birni ba. In shi ya zo Madarunfa ana ba shi tuwon gida kamar kullum, a gaisa, a rabu. Ni kuwa gaisuwa kawai nake masa, ita ma don dole.

Sai a zaman makokin kakana na ji sauran labarin. Ina da aure lokacin, har da goyo. Matar Baban birni ta zauna kusa da ni muna tsince shinkafar sadaka, ta dube ni ta ce akwai abin da ta daɗe tana son tambayata. Me ya sa tsoho ya hana su ni?

Na ce wa ya hana wa?

Ta ce tun da suka ji na ci brebe ta sayi katifa ta ajiye a ɗakin 'ya'yanta mata. Ranar da muka je, ta roƙi a sake ta daga aiki da wuri, ta zo ta sa aka yanka zabin, ta ɗora tukunyar tuwo, sai mijinta ya shigo shi kaɗai. Ya ce tsoho bai ce komai ba, shi kuma ba ya iya buɗe baki ya nemi jikar wanda ya riƙe shi, sai a ce ya ga gazawarsa. Suka jira har aka buɗe lise. Daga ƙarshe suka yanke cewa tsoho bai amince musu da 'ya mace ba, ita har kuka ta yi. Batun restoran kuwa, ta ce mijinta kwana da kwanaki yana zumuɗi, yana cewa zai kai Baba wurin da bai taɓa shiga ba, ya ga ɗansa ya zama mutum.

Na ajiye faifan na tashi. Na iske Baban birni a zaure shi kaɗai yana jan carbi. Ban gaishe shi ba. Na tambaye shi ko ya tuna mutumin Safo, da wanda aka aika sayen tsire. Ya daɗe yana kallona, sannan na ga abin ya sauka a fuskarsa, carbin ya tsaya.

"Na mance, ɗiyata," ya ce. "Wallahi na mance."

Mantuwa. Da ƙina ya yi, da na san inda zan ajiye haushina. Mutum ya ci tuwon zauren nan har ya girma, ya je birni ya koyi riƙe cokali da wuƙa, ya mance abin da kowane yaron gidan ya sani. Kuma kada ku ɗauka na bar kakana. Allah Ya jiƙansa, ina sonsa, amma ina jin haushinsa har gobe. Ya fi son ya tashi da mutuncinsa a kan ya furta kalma ɗaya a ce masa a'a. Mutuncinsa ya tsira, na Baban birni ma ya tsira, kowa ya yi kunya yadda ya kamata. Karatuna ne aka bari a kan teburin nan, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na yarda.

Yanzu duk wannan ya wuce. Baƙo ya sauka Maradi, kafin ya ajiye jaka an nuna masa inda ake gasa kaza da inda ake sayar da yawur mai sanyi, kuma ba ya karanta komai a ciki sai karamci. Tsofaffi suna kukan an daina cin tuwon gida, zumunci ya yi sanyi. Wataƙila da gaskiyarsu. Ni dai ba ni cikin masu kewar zamanin da akushi ke magana a madadin mutane.

Bana babbar ɗiyata ta samu makarantar koyon aikin lafiya a Maradi. Na kama hannunta muka je gidan babbar 'yar Baban birni, wadda da a ɗakinta zan kwana, yanzu kuma ungozoma ce mai farar riga. Ta fito da murna tana cewa mu shigo, ta ɗora mana girki. Na tsaya a bakin ƙofa, jaka a hannu, na ce mata ɗiyata na kawo, tana neman wurin zama har ta gama karatu, za ta riƙe ta ko ba za ta riƙe ba?

Ta yi dariya. "Haba yaya, ki shigo ki sha ruwa tukuna mana."

Na ce ba na shan komai sai ta amsa mini da bakinta.