Gwaggon Ɗinki da Jaririn Tsumma

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin haihuwa, Gwaggon Ɗinki ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗakin kuwa, in ba nuna maka aka yi ba, ba za ka san da shi ba. Can bayan wurin wanki yake, ɗan tsukuku, da taga ɗaya, da keken ɗinki na takawa wanda ya girmi rabin ma'aikatan asibitin. Takan rataye mayafinta a ƙusa, ta ɗiga wa keken mai, ta goge tabarau da bakin zani, sannan ta juyo kan tulin da masu wanki suka jibge mata: zanen gado da ya yage, rigar tiyata da igiyarta ta tsinke, labulen da wata mai naƙuda ta fizgo don azaba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma in aka biye wa halin mutane, a tsaitsaye za a ce mata Allah ya yi albarka, kowa ya kama gabansa. To, mu dai ba mu yarda ba.

Tagar ɗakin tana kallon wani dogon benci inda mata kan zauna su huta in sun fito daga awon ciki. Gwaggo tana taka keke, kunnenta yana waje. Yawancinsu da fara'a suke fitowa, don idan haihuwa ta matso, yaro kan juya da kansa ya sa kai ƙasa, ya fuskanci hanya. Amma ba a rasa wadda za ta zauna jugum ta ce wa ta kusa da ita, "Wai an ce nawa a zaune yake." Wata ta ce, "Ni kuwa a gicciye aka ce." In an tambaye ta me ke nan, sai ta watsa hannuwa. Ungozomomin ma Allah ya ga ƙoƙarinsu. Layi har bakin ƙofa, sun yi bayani, sun nuna hoton da ke bango, sun ce, "Kin gane?" Mace kuwa ta ce "E" da sauri, don kunya, don kuma kada ta tsare na bayanta. Ta fito da kalmar a bakinta, ba ta san me za ta yi da ita ba.

Abin ya daɗe yana cin Gwaggo a rai. Ran nan sai ta tattara guntayen zanen gado, ta ɗinka jariri. Kan ta cika shi da yashi mai laushi don ya yi nauyi, jikin ta cusa masa auduga, hannuwa da ƙafafu ta yi su masu lanƙwasuwa. Ta ɗinka masa jaka mai zariya a matsayin mahaifa. Ta samo guntun tsohuwar tiyo a wurin masu wanki, ta lanƙwasa ta naɗe da ƙyalle, ya zama ƙashin ƙugu, ƙofar da yaro zai bi. Ta kai wa babbar ungozoma tana noƙewa, don ba hurumin mai ɗinki ba ne.

Babbar ungozomar ta juya abin, ta sake juyawa, ta ce, "Gwaggo, kan nan ya yi ƙanƙanta, ki ƙara masa. Ƙofar ma ba zagaye take sosai ba, bari in zana miki." Haka suka yi ta yi, wannan ta gyara, wannan ta farke ta sake, har ya fito yadda ake so. Tun daga nan aka daina yin awo babu shi a kan tebur. Mai tura keken marasa lafiya ya raɗa masa suna Ɗan Gwaggo, yana kuma tsokanarta da cewa yaron ya ƙi girma, ko dai ba ta ba shi abinci ne. Wani likita ya are shi don koyar da ɗalibai, har yau bai dawo da shi ba. Gwaggo ta yi mita son ranta, ta zauna ta ɗinka wani, ta kuma ajiye na uku a aljihun tebur saboda masu halin aro.

Labaran da ma'aikata ke bayarwa a kanta suna da yawa, amma ɗaya ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Mai labarin, wata mai kitso ce, har gobe tana ba da shi ga duk wadda ta ɗora kai a cinyarta.

Cikin fari ne gare ta, wata tara ya kama, yaro kuma ya kwanta a gicciye, kai a wannan gefe, ƙafafu a wancan. Likita ya gwada juya shi daga waje, a hankali, yana duba hoton ciki. Ya juyu, bayan kwana biyu ya koma inda ya fito. Sai aka ce mata mafita ita ce a yi mata aiki a ciro shi kafin naƙuda ta zo, aka sa mata rana. Ta ce to, ta yi godiya, ta fito ta zube a bencin nan. Gwaggo ta ji tana gaya wa wata a waya, murya ƙasa-ƙasa: "Ba zan dawo ba, kuma ko maigida ba zan faɗa wa ba. Yayata da ƙafarta ta shiga ɗakin nan, a naɗe aka fito da ita. In ya tashi zuwa, ai zai nemi hanya."

Gwaggo ta ɗauke ƙafa daga kan keke. Ta san ba ta da ikon tsare kowa, ba ta kuma da karatun da za ta yi wa wani wa'azi da shi. Sai ta leƙa ta taga.

"'Yar nan, don Allah zo ki sa min zare a allura. Idon nan ya fara yi min rashin kunya."

Yarinyar ta shigo tana jan ƙafa, ta sa zaren a karo ɗaya. Gwaggo ta ture tulin kaya daga kan kujera ta ce ta zauna ta sha iska. Ta jawo aljihun tebur, ta fito da jaririn tsumma da ƙofarsa, ta ajiye mata a cinya.

"An nuna min shi a ɗakin awo," in ji mai kitso, tana kau da kai.

"An nuna miki, amma ba ki taɓa ba. Ke da hannu kike cin abinci, ni ma haka. Irinmu sai mun taɓa muke yarda. Sa shi ta ƙofar, kai a gaba, mu gani."

Ta sa shi da kai, ya sulale ya faɗo mata a tafin hannu. Har ta ɗan yi murmushi.

"To, yanzu kwantar da shi yadda aka ce naki yake. Ki fito min da shi."

Mai kitso ta gicciya shi a kan ƙofar ta danna. Ya ƙi. Ta karkata shi, ta lanƙwasa masa wuya, ta matsa da babban yatsa yadda take yi wa gashi mai taurin kai. Kafaɗa ta cije a bakin ƙofar. Ta ƙara ƙarfi, gumi ya tsattsafo mata a hanci. Can sai hannu ɗaya ya zurmo ta ƙasa yana reto, sauran jikin kuwa ko gezau. Ta tsaya tana kallon hannun.

Gwaggo ta cire tabarau ta riƙe. A duk shekarun da ta yi a asibitin, ba ta taɓa ba kowa wannan labari ba, kuma ba ta shirya ba da shi ran nan ba. Bakinta ne ya riga ta.

"Haka nawa ya zo," ta ce. "Ina ƙaramar yarinya, ban kai ki ba. Ni ma an gaya min a gicciye yake, na ce to, na koma gida, don ban san me ake nufi ba. Na ɗauka wani irin kwanciya ne da zai tashi daga gare shi. Kafin a kawo ni nan, aikin gama ya gama. Hannun kaɗai na gani, 'yar nan. Daga shi kuma Allah bai sake ba ni ba."

Mai kitso ta sa kuka. Gwaggo ba ta ce ta yi shiru ba, ta bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, sai ta ce cikin shessheƙa, "Gwaggo, tsoro nake ji. In suka yanka ni fa na bi yayata?"

"Tsoronki gaskiya ne, ba zan ce miki ƙarya ba. Abin da ya sami yayarki ban san shi ba, kuma ni ba likita ba ce. Ki koma ki tambaye su, ki tambaya har sai sun gaji da ke, haƙƙinki ne. Abin da na sani na sana'ata ne. Kullum ana kawo min ƙyalle iri biyu, wanda aka yanka da almakashi da wanda ya yage da kansa. Na farkon nakan haɗa shi kafin shayina ya huce. Na biyun wani lokaci sai dai in yi haƙuri da shi."

Yarinyar ta ajiye jaririn tsumman a kan tebur, ta gyara masa hannu a jikinsa, ta tashi ta fita. Ba ta ce za ta dawo ba, ba ta ce ba za ta dawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Gwaggo nauyi. Ta yi ta tuhumar kanta: ko ta ƙara firgita yarinyar ne? Ko da ta kama hannunta ta mai da ita wurin babbar ungozoma nan take? Ta dai je ta sanar da ungozomar abin da ta ji, aka yi ta kiran wayar mai kitso, ba a ɗauka. Ranar da aka sa kuwa, tun da safe ɗinkin ya ƙi ta. Ta yi layi ya karkace, ta farke, ta sake, ya kuma karkacewa. Mai tura keke ya leƙo da tsokanarsa, ya ga fuskarta, ya janye kansa salin-alin. Rana ta take tsaka, bencin ya cika ya watse, babu mai kitso.

Sai ga wata ma'aikaciyar jinya da sauri. "Gwaggo, ki zo. Wata ce ta ƙi a shiga da ita sai ta gan ki."

Gwaggo ta manta da takalmi ɗaya a ƙarƙashin keke. A ƙofar ɗakin tiyata ta tarar da ita zaune a kan gadon turawa, mijinta yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa hannuwansa. Tun da sassafe suka zo ta babbar ƙofa, ta yi wa likita tambayoyi har ya ja kujera ya zauna. Tana sanye da koriyar rigar nan mai igiya a baya, ɗinkin Gwaggo ne ma, ta gane bakin aikinta.

"Har yanzu ina jin tsoro," in ji mai kitso. "Ki ɗaure min igiyar."

Gwaggo ta ɗaure. Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Ta tsaya nan jikin bango ita da mijin, har aka jiyo tsanyarar kuka daga ciki. Mace ce, lafiyayya, uwar ma lafiya lau. Da ungozoma ta fito da jaririyar a naɗe, uban ya miƙa hannu, sai ya fasa, ya matsa gefe. "Uwarta ta ce ke za a fara ba, Gwaggo," ya ce. Matar da ta ɗinka wa dubban jarirai shimfiɗa ta karɓi wannan ta rungume, ta yi kuka a gaban kowa, ba ta ɓoye ba.

Gwaggo, ke ce mai allurar da ba a jin ƙararta. Ke ce kika ɗauki ciwon da ya isa ya sa mutum ya tsani ƙofar asibiti har abada, kika zo kika zauna a bayan wannan asibitin kina yi wa 'ya'yan wasu tanadi. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, hotonki ba ya jikin bangon kowane ofis. Amma akwai mata da yawa a garin nan da suka san yadda 'ya'yansu suka kwanta a cikinsu saboda sun riƙe tsummanki a hannu, suka je gida suka yi wa mazajensu da iyayensu bayani ba tare da in-ina ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idon nan haske.

Mu kuma da muka rage, kowa yana da tagar da yake jin kukan wani ta cikinta. Ba sai kana da farar riga ba. In ka ga mutum ya fito daga gaban masana ya ce ya gane, alhali fuskarsa ta nuna bai gane ba, ka kira shi gefe, ka ba shi kujera, ka nuna masa da abin da hannunka ya iya, sannan ka mai da shi wurin masu abin. Ku kuma masu awo, in mace ta ce "E" da sauri, don Allah ku sake tambaya.

Yarinyar da aka haifa ran nan yanzu tana gudu da ƙafafunta, bakinta ya buɗe, surutu kamar me. Duk ranar da uwarta ba ta da kitso, takan kawo ta, tun daga bakin wurin wanki take ƙwala kira, "Kaka! Kaka!" An ce har yau kikan ɗan waiga baya tukuna, ki ga ko da wata ake. Da ke ake, Gwaggo. Ki amsa.