Tafin geron da na hana ta

Jiya ƙamshin tumu ya tuna mini da tsohuwar nan da muke danga ɗaya, Allah ya ba ta hutawa.

Shekarar da fari ya ƙone gonaki har Tsanyawa, ta shigo gidana da 'yar ƙwarya, tana roƙon tafin gero don jikarta. Na ce babu, alhali akwai a ƙarƙashin gadona. Bayan kwana huɗu aka binne yarinyar.

Tun daga nan, in an kawo Jibin Ubangiji a coci, sai in sunkuyar da kai ya wuce ni. Wata Lahadi, ana zagayawa da Jibin, tsohuwar ta matso, zanenta na warin daddawa da hayaƙi, ta dafa gwiwata yadda ta saba.

"'Yar nan, na san akwai geron. Na daɗe ina kai ƙararki wurin Yesu, har ya sauke mini wannan kaya. Ke ma sauke naki. Miƙa hannu."

Na miƙa, na karɓi Jibin. Har yau kunyar ba ta gama sakina ba, amma ina iya ambaton yarinyar a addu'a.

Ya Ubangiji, ka zaunar da su biyun kusa da kai, ka ƙosar da su.