Daminar da Na Yi Kiɗa da Baki

Ni makaɗin noma ne, gado na yi. Ubana ya bar mini ganga, da gular da ake kaɗa ta da ita, da taken kowane magidanci na ƙauyenmu, can gabas da Cadawa. Take kuwa kiɗa ne da aka yanka wa mutum ɗaya, nasa ne shi kaɗai. Ranar gayya, idan maza sun jeru a gona, ni ina biye da su a baya. Wanda na ga ƙugunsa ya fara sanyi sai in sako masa nasa, ka ga ya zabura kamar an zuba masa ruwa a ƙeya. Take-taken nan ba a rubuce suke ba. Ni kaina sai da na yi furfura na koyi haɗa baƙaƙe, a ajin manya da ake yi a lakol, wato makarantar boko. Daga hannun ubana suka shigo nawa, ba su da wani mazauni.

Lokacin da aka sauke tutar Faransi aka ɗaga tamu, mun yi kiɗan murna har kafaɗata ta saluɓe wajen rataya. Bayan nan da 'yan shekaru, wata safiya gero ya fara rufe ƙasa, mota ta tsaya a ƙofar mai gari. Wani mutumin buro ne, wato ma'aikacin gwamnati, da jandarma biyu. Kafin azahar mai shela ya zagaya: ba taro, ba gayya, ba ganga, sai an ji wata sanarwa. Wai akwai masu shigowa ta iyaka da wata magana, ganga kuma kira ce. Maganar tasu ban san ta ba, har yau ma ban gama saninta ba.

A wurinmu mai son gayya goro yake aiko wa makaɗi. Wannan shekarar gidaje da yawa sun aiko, na kuma riga na cinye. Sai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a bakin zaure.

"Ka dai ji abin da aka ce."

"Na ji."

"To, a dakata."

"A dakata."

Haka nan, ba ƙari. Na sassauta wa gangar tsarkiya don kada fatar ta tsage, na rataye ta a ƙuryar ɗaki.

Zan faɗi gaskiya, da farko ban ji zafin abin ba. Ni mutum ne mai son gida. Ka ba ni tabarma da inuwa da wanda zai saurare ni, to ka gama da ni. Na nome 'yar gonata, na gyara dangar da na shekara ina cewa gobe, na dami matata da surutu har ta fara ƙirƙiro aike gidan maƙwabta. Aka ci wannan damina, aka ci rani, wata daminar ta kama, ba a sake wata shela ba.

Ban san ranar da surutun ya ƙare ba. Na dai wayi gari ina zaune, ba na baƙin ciki, ba na murna. In an kawo tuwo in ci, in ba a kawo ba ba na tambaya. Kamar ƙafar da ka daɗe a kanta ta mutu, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce. Haka jikina duka ya koma.

Matata ce ta fara lura. Ta ajiye mini fura, ta tsaya a kaina.

"Maigida, lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Ƙwaryar nan tunda aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa hutawa ba. Kana sha kana kaɗa mata gefe, har na ce wata rana za ka fasa mini ita. Yau wata nawa ban ji ba."

Na dubi yatsuna. Suna kan gwiwata, a kwance.

Da ta fita, na ce bari in gwada. Na fara bin gidajen gari a cikin kaina daga gabas, gida-gida, ina kaɗa taken kowa a cinya. Na farko ya zo. Na biyu ya zo da ɗingishi. Na uku ya shiga cikin na huɗu, sai da na raba su kamar awakin da igiyarsu ta sarƙe. Da na iso gidan Baba, sai na tsaya.

Baba muke ce masa duk garin. A zamanin ubana ba wanda ke shan gabansa a gona. Bai sami ɗa namiji ba, ciwon ƙafa kuma ya zaunar da shi tun kafin a hana kiɗa. Takensa ya fi na kowa tsawo, yana da wata wutsiya mai lanƙwasa a ƙarshe. Duk ranar gayya sai mun biya ta ƙofarsa na kaɗa masa kafin mu wuce, gaisuwa ke nan. Ranar nan farkon ya zo mini sarai. Wutsiyar babu. Na shiga ɗaki, na sauko da gangar a sake yadda take, na taɓa ta da kan yatsu yadda ko kazar tsakar gida ba za ta ji ba. Hannun ya tafi, ya tafi, ya zo daidai wurin ya tsaya. Na sake. Nan dai ya tsaya.

Ya kamata in ji tsoro. Na san in take-taken nan sun fita daga hannuna ba inda za a same su. Amma na mayar da gangar na koma tabarma, ban ji komai ba.

Bayan kwana biyu sai ga taubashina, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba mu gaisawa sai da zagi. Ya shigo da hauya a kafaɗa.

"Kai bawana, har yanzu kana nan kana kwanci? Yaushe za ka ƙyanƙyashe?"

"Bawa ke kiran ubangijinsa bawa. Me ya kawo ka?"

"Ciyawa ta cinye ni. Tashi mu je ka yi mini kiɗa."

"So kake jandarma su tafi da ni Gazawa a ɗaure, ka gaje tabarmata."

"Tabarmar da ta gama ruɓewa a ƙarƙashinka? Ganga aka hana. Ka ji an ce an hana baki? Ni da kai kuma ba taro ba ne, mutum ɗaya ne da jakinsa."

Na bi shi, don ba ni da ƙarfin musu. A gonarsa ya sunkuya a kan kunyar gero, ni na tsaya a bayansa hannu rabbana, ƙato da ni, na buɗe baki: gan, gan, kirigan, gan. Kunya ta kama ni, na waiwaya ko akwai mai gani. Ba kowa sai wata akuya a ɗaure.

"Ɗaga murya! Ubana ya biya sadakin uwarka ne da za ka yi mini raɗa?"

Na ɗaga. Muka yi kunya ɗaya, muka juyo. A ta biyu ya miƙe tsaye ya harare ni.

"Ka ci mini bugu ɗaya. Bayan kirigan sau biyu ne, ba ɗaya ba. Ɓarawo."

Gaskiyarsa. Na gyara. Nan na gane abin da ban taɓa tunani ba: kowa ya san nasa. Ba zai iya kaɗawa ba, amma in ka rage masa ko bugu ɗaya, ƙugunsa zai gaya masa.

Bakin taubashina ba ya riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, wannan ya ce gobe gonata, wancan ya ce jibi tawa. Haka na yi daminar nan, gona ɗaya, mutum ɗaya, ina tafe a baya ina gan-gan da baki har maƙogwarona ya dushe. Wani ya ba ni fura, wani ya ce Allah ya yi albarka. Inda na yi tuntuɓe mai shi ya tashe ni, wani da dariya, wani da faɗa. Kada in yi ƙarya in ce daɗi nake ji. Ina yi ne kamar yadda ake ba dabba ruwa, don in ba a ba ta ba za ta mutu. Da safe in tashi, in tafi, in dawo.

Saura na Baba. Na fara tambayar matata, tunda ta sha jinsa ta kan danga. Ta ce ai ta sani, ta kaɗa mini a gindin turmi. Na saurara har ta gama.

"Wannan wutsiyar ta mai gidan rini ce, kika ɗinka wa Baba."

"To ai duk kusan ɗaya ne."

"Ke da 'yar'uwarki ma kusan ɗaya ne, amma ke na aura."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa.

Na tambayi tsofaffi biyu da suka yi noma tare da shi. Kowa ya ce shi nasa yake saurare. Sai na tafi wurinsa da kaina, da hantsi. Yana zaure, ƙafar a miƙe, an shafa mata magani. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce in yi ya ji. Na yi masa da baki. Tun bugun farko kafaɗunsa suka motsa. Na zo wurin na tsaya, ina kallon bakinsa.

"Ci gaba mana, ɗana."

"Nan ne ya ɓace mini, Baba. Shi na zo ka tuna mini."

Ya dube ni. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Ashe yana da saura? Wallahi ban sani ba. Ni dai, da zarar ubanka ya sako farkon, kunnena toshewa yake yi. Ba na jin ganga, ba na jin mutane, ƙarshen kunya kawai nake gani. Ko yanzu da kake yi mini a ƙofa haka ne, ban taɓa tsayawa na ji inda ya ƙare ba."

Na zauna tare da shi har azahar, muka yi hirar gero da ta ciwon ƙafa. Na koma gida na ci tuwo.

An sake shela bayan an kai amfani rumbu, an ce kowa ya koma harkarsa. Gayyar farko sai da damina ta sake zagayowa. Na ɗaure tsarkiya, na shanya gangar a rana har ta dawo da muryarta. Da muka fito, muka biya ta ƙofar Baba. Na kaɗa masa farkon, da ƙarfi, na zo wurin na ɗauke hannu. Daga cikin zaure ya ɗaga murya ya ce madalla, Allah ya ba da sa'a.

Taubashina ya matso kusa da kunnena.

"Ƙara masa wani abu mana, ko na mai rinin ne. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni."

Muka wuce gona. Ranar na bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, na kowa ya fito cikakke, ba wanda ya miƙe ya harare ni. Na Baba kuwa rabi na ci gaba da kaɗawa a ƙofarsa, damina huɗu, har ya rasu.